Kama Da Wane Ba Ta Wane: Kalmomin Turanci Da 'Yan'uwansu Na Jamusanci

Ɗalibin da ya yi karatunsa da Turanci tun daga firamare, idan ya sami gurbin ƙaro ilmi a ƙasar Jamus, ya shiga ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ya tarar da kwalba an rubuta mata Gift a jiki, abin da zai fara zo masa a rai shi ne kyauta. Haruffa huɗu ne, kuma su ne dai ya saba gani a littafin makaranta. To, amma a Jamusanci ma'anar wannan kalma ita ce guba. Idan ya haura arewa zuwa Suwidin ko Denmak ko Norwe, zai tarar kalmar tana da fuska biyu, domin can gift guba ce, kuma ita ce ake faɗa wa wanda ya yi aure.

Mai karatu zai iya ɗauka cewa haɗuwa ce kawai aka yi, kamar yadda sunan Hausa ya yi kama da Haus, kalmar da Jamusawa ke kiran gida da ita, alhali babu abin da ya gama su. Ba haka ba ne game da gift. Kalma ɗaya ce tak tun asali, an samo ta daga aikatau mai ma'anar bayarwa, wanda Turanci ke cewa give, Jamusanci ke cewa geben. A tsohon Turanci na shekaru dubu da suka wuce, gift na nufin dukiyar da miji ke bayarwa don ya auri mace, watau abin da ya yi daidai da sadaki, jam'inta kuwa yana nufin bikin auren kansa. Mutanen arewacin Turai suka riƙe wannan ɓangare, har yau wanda ya yi aure a wurinsu shi ne wanda aka bayar, kamar dai yadda Bahaushe ke cewa an ba da aure. A Jamusanci kuwa sakayawa ce ta karkatar da kalmar. Likitocin da suka yi karatu da Latin suna kiran gwargwadon maganin da ake ba majinyaci dosis, kalmar Girka ce mai ma'anar bayarwa, sai aka fassara ta da Gift. Daga maganin da ake bayarwa ta koma abin da ake bai wa mutum a ɓoye don a halaka shi, domin ba a son kiran abin da sunansa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san cewa maganin zazzaɓi da maganin ɓera duk magani ake ce musu. Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ɗungum ba, ta maƙale a cikin Mitgift, watau dukiyar da amarya ke zuwa da ita gidan miji, irin gara da kayan ɗaki.

Dalilin wannan kamanni shi ne Turanci da Jamusanci da harshen Holan da harsunan Suwidin, Denmak, Norwe da Aisilan duk jikokin harshe guda ne. Masana ilmin harsuna sun nuna cewa an yi magana da wannan kakan harshe a kudancin yankin Sikandinebiya da arewacin Jamus ta yau, 'yan ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa. Ba a bar littafi da shi ba, gwada kalmomin jikokinsa aka yi aka gano yadda yake. Mafi daɗewar dogon rubutu a cikin dangin shi ne fassarar Littafi Mai Tsarki da wani limamin Kirista mai suna Wulfila ya yi zuwa harshen Gotawa a ƙarni na 4, kuma wani kwafinta da aka rubuta da tawadar azurfa yana ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Uppsala a Suwidin. A ƙarni na 5 ne wasu ƙabilu uku, Angles da Saxons da Jutes, suka ƙetare teku daga gaɓar Jamus da Denmak suka zauna a tsibirin Birtaniya. Malamin tarihi Bede, wanda ya kammala littafinsa a shekarar 731, ya sanya zuwansu a wajejen 449. Daga sunan ƙabila ta farko aka sami sunan Ingila da na Ingilishi. Ke nan harshen da ake gudanar da aikin ofis da shi a Nijeriya da Gana, asalinsa karin maganar manoma ne da masunta na arewacin Jamus.

Tun daga wannan rabuwa kowane ɓangare ya ci gaba da amfani da gadonsa yadda zamansa ya kama. Sauti ya sauya, ma'ana ma ta sauya, amma ba iri ɗaya suka sauya ba, kuma a nan ne dukkan rikicin yake.

Sauyin sauti yana bin ƙa'ida. Bayan da mutanen Ingila suka ƙaura, wani sauyi ya ratsa kudanci da tsakiyar Jamus, inda aka samo daidaitaccen Jamusanci na yau. Inda Turanci ke da t, Jamusanci na da z ko ss, shi ya sa ake da ten da zehn don goma, water da Wasser don ruwa, tongue da Zunge don harshe. Inda Turanci ke da p, Jamusanci na da pf ko f, kamar apple da Apfel, ship da Schiff. Haka d ta koma t a day da Tag, th kuma ta koma d a three da drei, brother da Bruder. Harshen Holan bai shiga galibin wannan sauyi ba, saboda haka water da appel da schip suke nan a wurinsu kusan yadda Bature ɗan Ingila ya san su. Ɗalibin da ya haddace waɗannan 'yan ƙa'idoji zai buɗe jaridar Jamus ya gane kalmomi masu yawa ba tare da ya taɓa ƙamus ba.

Ma'ana kuwa ba ta da irin wannan linzami. Tana bin tarihin mutane ne, da sana'arsu, da addininsu, da wanda ya ci su da yaƙi.

A duba town, wadda kowane ɗan makaranta ya sani da ma'anar gari. Bisa ƙa'idar t da z, 'yar'uwarta a Jamusanci ita ce Zaun, ma'anarta kuwa shinge ko danga. A harshen Holan tuin lambu ne. A Norwe tun farfajiyar gidan gona ce. Asalin kalmar shi ne wurin da aka kewaye. Jamusawa suka riƙe abin da aka yi kewayen da shi, mutanen Holan suka riƙe shukar da ke ciki, mutanen Ingila kuwa suka bi ta daga gidan gona mai shinge zuwa ƙauye, daga ƙauye zuwa gari. Ita ce ta rage a ƙarshen sunayen wurare irin su Southampton da Kingston. Hausa ta bi irin wannan hanya ba tare da ta ji labarin Ingila ba, domin birni a da yana nufin ganuwar da ta kewaye gari, yanzu kuwa ana kiran garin da bai taɓa ganin ganuwa ba birni.

Akwai kalmomin da suka tsuke. Tier a Jamusanci, da dier a harshen Holan, da djur a harshen Suwidin, duk suna nufin dabba kowace iri. Takwararsu ta Turanci deer ma haka take a da, amma yanzu ta tsaya ga dabbar daji guda mai kama da barewa, wadda sarakuna suka fi so wajen farauta. Abin da ya matse ta shi ne yaƙin 1066, lokacin da Normawa masu jin Faransanci suka ci Ingila, suka zama su ne masu mulki da shari'a, kalmomin Faransanci da Latin irin su beast da animal suka shigo suka ƙwace faffadar ma'anar. Haka Hund ke nufin kowane kare a Jamus, hound kuwa karen farauta kaɗai. Vogel kowane tsuntsu ne, fowl kuwa ta fi komawa ga kaji da dangoginsu. A Suwidin mat abinci ne baki ɗaya, meat ta tsaya ga nama. Sterben mutuwa ce ko ta wane hali, starve kuwa mutuwar yunwa.

Wasu kalmomin kuma girma suka samu a wani gida, suka ƙasƙanta a wani. A tsohon Turanci cniht yaro ne, ko bara mai hidima. Da yake samarin da ke yi wa sarki hidima su ne ke hawa doki su bi shi fagen fama, sai kalmar ta ɗaukaka ta zama knight, watau barde, har ta zama lambar girma da Sarkin Ingila ke bayarwa, wadda ke sa a kira mutum Sir. A Jamusanci Knecht bai tashi daga inda yake ba, har yau bara ne ko ɗan ƙodagon gona. Sai kuma aka yi akasin haka da wata kalmar: Knabe a Jamusanci yaro ne kawai ba tare da wani aibi ba, amma knave a Turanci ta gangara daga yaro zuwa bara, daga bara zuwa mazambaci. Wanda ya san bambancin yaron goye da yaron sarki da yaron kanti ba zai yi mamakin yadda kalma guda ke ɗaukar ƙuruciya da bauta da muƙami ba. Ita ma queen, sarauniya, tushenta ɗaya da kvinna, wadda a Suwidin ke nufin mace kowace ce.

Mafi ban tausayi a cikinsu ita ce silly. Jamusawa na cewa selig ga mai albarka, wanda ya sami rahama, har sukan faɗe ta in sun ambaci mamaci. Tsohon Turanci ma haka ya san ta. Daga mai albarka ta koma mai tsoron Allah, daga nan ta koma marar laifi, sai abin tausayi, sai mai rauni, a ƙarshe ta tsaya ga wawa. An ɗauki ƙarnoni ana wannan gangara, kuma kowane mataki yana da kusanci da wanda ya gabace shi. Ko a nan gida, in an ce wane ai bawan Allah ne, sai an dubi fuskar mai maganar kafin a san yabo yake yi ko tausayi.

Addini ya bar nasa sawun a kalmar bead, ƙwayar dutsen ado irin na wuya ko na jigida. A Jamusanci Gebet addu'a ce, haka gebed a harshen Holan, haka kuma take a tsohon Turanci. Kiristocin Ingila na wancan zamani suna ƙidaya addu'o'insu da zaren ƙwayoyi, mai kallo kuwa ba ya ganin addu'a, ƙwayoyin yake gani suna wucewa ta tsakanin yatsu. Sannu a hankali sunan addu'ar ya koma kan ƙwayar, daga bisani ya fita daga coci ya shiga kasuwar kayan ado. Dangantakar tasbihi da tasbaha ita ce kwatankwacin wannan, illa dai Hausa ta riƙe duka biyun ba ta yar da ɗaya ba.

Hatta karatu da rubutu, waɗanda su ne jarin ma'aikaci da ɗalibi, suna da irin wannan labari. Write ɗan'uwan reissen ne, wanda a Jamusanci ke nufin yagewa, domin rubutun farko na waɗannan ƙabilu ƙarzawa ne a jikin itace ko dutse. Jamusawa suka aro schreiben daga Latin don rubutu. Read kuwa ɗan'uwan raten ne, ba da shawara ko cankar abin da ke ɓoye. Daga nan aka sami Rat, shawara ko majalisa, wadda ke cikin Rathaus, hedkwatar hukumar gari, da Bundesrat, majalisar wakilan jihohin Jamus. Ba ta da wata dangantaka da rat na Turanci, watau ɓera, ko da yake haruffansu ɗaya ne.

Wannan misali na ƙarshe ya kai ga nau'i na biyu na kamanni, wanda babu jini a cikinsa. Bald a Turanci mai sanƙo ne, a Jamusanci kuwa yana nufin nan ba da daɗewa ba, kuma ɗan'uwansa na gaskiya shi ne bold, mai ƙarfin hali. Rock a Jamusanci siket ne, ba dutse ba. Hanyar tantance ɗan'uwa na jini daga mai kama ita ce babban aikin da masana suka yi a farkon ƙarni na 19. Wani ɗan Denmak, Rasmus Rask, ya buga bincikensa a 1818, sa'an nan Bajamushe Jacob Grimm ya tsara ƙa'idar a littafinsa na nahawu a 1822, har yau kuma da sunansa ake kiranta. Ta nuna cewa inda Latin ke da p, dangin Jamusanci na da f, kamar pater da father, piscis da fish; inda Latin ke da sautin k, su suna da h, kamar cornu da horn. Da wannan ma'auni aka kama wata kalma da ta daɗe tana ruɗin mutane. Latin na da habere mai ma'anar mallaka, Jamusanci na da haben, Turanci na da have, sauti ɗaya ma'ana ɗaya. Duk da haka ƙa'ida ta ce h ta Jamusanci daga k take, saboda haka ɗan'uwan have a Latin shi ne capere, kamawa, habere kuwa baƙo ne da ya yi kama da 'yan gida. Masu son danganta harshensu da wani babban harshe saboda kalmomi biyar ko shida sun yi kama, galibi wannan awo ne ba su yi ba.

Turanci ya ƙara wa kansa ruɗani domin ya ci gado sau biyu. Daga harin da aka kai tsibirin Lindisfarne a 793, mayaƙan teku daga Denmak da Norwe suka yi ta shigowa, har suka mallaki gabashi da arewacin Ingila suka zauna suka yi auratayya. Harshensu ɗan'uwa ne na kusa, don haka kalma ɗaya takan shigo ta ƙofa biyu. Shirt ta gida ce, skirt ta baƙi ce, asalinsu guda, gajeriyar riga, Jamusanci kuma yana da Schürze, ƙyallen da mai girki ke ɗaurawa a gaba. Sky a bakin baƙin girgije ne, kuma haka take har yau a Denmak da Norwe, a Ingila ta zama sararin sama. Ko lafazin gift na yau daga wurinsu aka karɓa, domin a tsohon Turanci da sautin y ake fara ta.

Sunan da Turanci ke kiran mutanen Holan da shi ma yana cikin wannan sahu. Dutch da Deutsch kalma ɗaya ce mai ma'anar na jama'a, watau harshen talakawa wanda ba Latin na malamai ba. Turawan Ingila sun daɗe suna kiran Jamusawa da mutanen Holan duka da ita, sai a ƙarni na 17, lokacin da gasar ciniki da yaƙin teku suka haɗa su da Holan, sunan ya tsaya a kan maƙwabcin da suka fi gogayya da shi. Jamusawa suka ci gaba da kiran kansu Deutsch, mutanen Holan ma Duits suke ce wa Bajamushe.

Duk wannan zai iya zama hirar malamai kawai, in ba don takardun da ke yawo tsakanin ofisoshi ba. Wasu Faransawa biyu, Koessler da Derocquigny, sun raɗa wa irin waɗannan kalmomi suna a wani littafi na 1928, suka kira su abokan ƙarya, kuma sunan ya dace da su, domin kalmar da mutum bai sani ba takan tura shi ga ƙamus, wadda yake zaton ya sani kuwa wucewa yake yi. Ɗalibin da ke cika takardar neman shiga makaranta ya ga Hochschule, ya fassara ta gaɓa-gaɓa ya sami high school, zai rubuta sunan sakandarensa a gurbin da ake tambayar jami'a. Gymnasium kuwa a can sakandare ce mai shirya yara shiga jami'a, ba ɗakin motsa jiki ba. Bekommen samu ne, ba zama ba kamar become. Ich will na nufin ina so, ba alkawarin zan yi ba ne. Idan ɗan Ingila ya ce half three yana nufin uku da rabi, Bajamushe kuwa in ya ce halb drei biyu da rabi yake nufi, rabin hanya zuwa uku, wanda ya sha bamban da awa guda cur. Mafi haɗari a cikin ƙa'idojin aiki shi ne must not da muss nicht: na farko hani ne, kada a yi, na biyu sassauci ne, ba dole ba ne a yi.

Sai kuma lissafin kuɗi. Kalmar biliyan ba gadon kaka ba ce, daga Faransanci kowa ya aro ta, amma ba a aro ta da ƙima ɗaya ba. A Amurka biliyan miliyan dubu ne. A Jamus miliyan dubu Milliarde ne, Billion kuwa miliyan sau miliyan, watau abin da Turanci ke kira tiriliyan. Haka yake a Holan da Suwidin da Denmak. Ita kanta Birtaniya tsarin Jamus take bi a da, sai a 1974 Firayim Minista Harold Wilson ya shaida wa majalisa cewa gwamnati za ta riƙa amfani da ma'anar Amurka a alƙalumanta. Akawun da ya ɗauki Billion daga rahoton bankin Jamus ya sauke ta a matsayin biliyan ya rage adadin sau dubu, kuma tsofaffin takardun Birtaniya na kafin waccan shekara ma sai an duba su da wannan ido.

Abin da ke raba gardama a irin wannan hali shi ne ƙamus mai bin tarihin kalma, wanda ke kawo kowace ma'ana tare da zamanin da aka fara ganinta a rubuce. Na Turanci, wanda aka fi sani da ƙamusun Oxford, an fara fitar da shi kashi-kashi a 1884 aka kammala a 1928. Na Jamusanci ya fi shi cin lokaci. Jacob Grimm da ƙanensa Wilhelm suka ɗauki aikin a 1838, littafi na farko ya fito a 1854, amma ba a rufe shi ba sai a 1961, yana da littattafai 32. Wilhelm ya rasu a 1859 bayan ya gama harafin D. Jacob ya bi shi a 1863 yana cikin harafin F, a kan kalmar Frucht, 'ya'yan itace. Bayanin Gift yana harafi na gaba, wasu malaman ne suka rubuta shi a bayansu.